Ka je banki kafin tsohon katin zamanka ya mutu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa sun ɗauke ka aikin. Allah ya sanya albarka, ya sa ka shiga a sa'a. Ka yi haƙuri da na yi jinkirin amsa. Tambayar da ka maƙala a ƙarshen saƙon ce ta tsayar da ni, wai ko asusunka na banki zai ci gaba da aiki idan ka bar bizar ɗalibi ka koma ta ma'aikaci, ko kuwa sai ka rufe shi ka buɗe sabo. Ka jefo ta kamar wasa, har da 'yar dariya. Ni kuwa da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin ramin nan na taɓa faɗawa cikinsa, kunya ce ta hana ni ba ka labari.

Kada ka rufe asusun. Canjin biza shi kaɗai ba ya kashe asusu muddin zamanka a ƙasar yana kan doka. Abin da ke jawo matsala shi ne yin shiru, ka bar banki riƙe da tsohuwar takarda har ranar mutuwarta ta zo.

Ka tuna shekarar da na gama karatu na kama aikina na farko. Na shigar da takardun canjin biza a kan kari, sabon katin zama ya fito, na soke shi a jaka na ci gaba da harkokina. A tunanina tunda hukumar shige da fice ta san da ni, kowa ma ya sani. Ashe duk abin da bankina ya sani game da ni shi ne hoton tsohon katin da na ba su shekara uku baya, da ranar ƙarewarsa da wani ma'aikaci ya shigar a kwamfuta. Sun aiko mini da wasiƙa har sau biyu, amma zuwa ɗakin kwanan ɗalibai da na bari da daɗewa, don ban canza adireshi ba. Ranar da zan tura kuɗin haya manhajar banki ta ce ba hali. Na je wajen na'urar cirar kuɗi, ta tofo mini katina. Albashina na farko yana ciki, ina kallonsa a waya, ban isa in taɓa ko kwabo ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Sai da na kwana goma sha biyu ina zarya tsakanin reshe da buga waya kafin a buɗe, kuma kuɗin hayar wani abokin aiki da ban fi mako uku da saninsa ba na roƙa ya ranta mini. Ka san halina kan cin bashi, sai ka ƙiyasta yadda na ji.

Ranar na fito ina zagin bankin a raina. Daga baya da na huce na bi diddigin abin, na ga ma'aikacin da ke gabana ba shi da ta cewa. Tun 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa wata hukuma a taronsu na Paris, ana kiranta FATF, don yaƙi da masu halatta kuɗin haram. Tana da shawarwari 40 da kusan duk ƙasashen duniya suka zuba a dokokinsu, kuma ta 10 a cikinsu ita ce ta ce dole banki ya san wanda yake hulɗa da shi, ya kuma tabbatar takardun da ke hannunsa ba su tsufa ba. Idan ya kasa tabbatarwa, ana so ya dakatar da hulɗar. Bankin da ya yi sakaci tara mai nauyi ke jiransa. To ka ga tsakanin ɓata wa baƙo ɗaya rai da shan tarar gwamnati, ba sai an gaya maka wanda za su zaɓa ba. Ɗan ƙasa yana iya shekara goma ba a tambaye shi komai ba. Mu baƙi kuwa takardarmu da ranar mutuwa take zuwa, shi ya sa kwamfuta ke sa mana ido.

Tsananin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Saudiyya in iƙama, wato katin zaman baƙo, ta ƙare ba a sabunta ba, ana daskarar da asusu, wannan duk ma'aikaci baƙo a can ya san shi. A Birtaniya dokar shige da fice ta 2014 ta hana bankuna buɗe asusu ga wanda ba shi da izinin zama, ta 2016 kuma ta ɗora musu nauyin binciken asusun da suke da su tun da. A Tarayyar Turai kuwa akwai dokar 2014 da ta ba duk mai zama bisa ƙa'ida haƙƙin samun ƙaramin asusu na karɓa da biya, ko da banki ba ya son ba shi bashi. Na kawo maka waɗannan ne don ka daina dogaro da abin da wani ya ce ya faru da shi a wata ƙasa. Ka nemo takardar sharuɗɗan da ka sa wa hannu ranar buɗe asusu, wadda na tabbata ba ka karanta ba, kamar yadda ni ma ban karanta ba. A ciki za ka ga layin da ka yi alkawarin sanar da su duk wani canji na adireshi, aiki ko matsayin zama.

Inda na fi jiye maka shi ne tsakanin bizar biyu. Ka ce tsohon katinka ya kusa ƙarewa, sabon kuma bai fito ba. A ƙasashe da yawa wanda ya shigar da buƙatarsa kafin izininsa ya ƙare yana nan a kan doka har a yanke hukunci. A Birtaniya sashe na 3C na dokar 1971 ne ya tanadi haka, a Jamus kuma ofishin baƙi yana ba da wata takardar wucin gadi da ke shaida hakan. Amma kwamfutar banki ba ta san ka shigar da komai ba, rana kawai take ƙirgawa. Saboda haka tun katin yana da rai ka ɗauki fasfo, da tsohon katin, da shaidar shigar da buƙata, da takardar ɗaukar aiki, ka je reshe da ƙafarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ce musu ga halin da kake ciki, ka nemi su rubuta shi a fayil ɗinka, ka tambaye su kwana nawa za su ɗaga maka ƙafa. Kada ka fito sai ka sami wata shaida a rubuce, ko saƙon imel ne, domin wanda ya yi maka murmushi yau ba lallai ne ka same shi gobe ba. In sabon katin ya fito kuma, a makon nan ka koma da shi. In ƙasarku ta daina katin roba ta koma na intanet, kamar yadda Birtaniya ta yi da mafi yawan katunanta suka ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, to wata lamba za ka ciro daga shafin hukuma ka ba su su duba da kansu.

Kafin wannan lokacin ya wuce ka ajiye kuɗin haya da na buƙatun wata guda a wani wuri daban, ko ƙaramin asusu a wani banki. Da na yi haka da ban roƙi kowa ba.

Ka kuma sa ran za su canza wa asusun suna. Asusun ɗalibi gata ne na ɗan lokaci: ba a cire kuɗin kula da shi, wani wurin ma ana barin ka ci fiye da abin da ke ciki ba tare da kuɗin ruwa ba. Da ka zama ma'aikaci gatan zai tafi. Ka tambaya ko lambar asusun za ta tsaya yadda take, sannan in akwai ɗan bashin da ka ci a kai ka biya shi kafin a juya, kada ya fara haihuwa. Duk da haka ina nan kan bakana cewa ka riƙe tsohon. Shekarun da ka yi kuɗi na shiga suna fita ba rigima, su ne shaidarka ranar da za ka kama gida, ko ka nemi ɗauko iyali, ko izinin zama na dindindin, inda za a ce ka kawo bayanan asusu na watanni. Da tsohuwar zuma ake magani. Sabon asusu ba shi da abin da zai faɗa a kanka.

Akwai wata takarda da za su miƙo maka wadda mutane ke cikewa da ka, ta haraji. Za ta tambaye ka a wace ƙasa kake biyan haraji da lambarka ta can. Ka natsu a kanta. Tun 2017 ƙasashe suka fara musayar bayanan asusun mutane a tsakaninsu duk shekara, a ƙarƙashin tsarin da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta fitar a 2014, yanzu sun haura 100. Abin da ka rubuta shi zai nuna inda za a aika labarin kuɗinka. Kuma canjin biza yana iya canza amsar. Dubi Amurka, wadda ba ta cikin wancan tsarin, tana da nata dokar tattara bayanan asusu mai suna FATCA ta 2010: ɗalibi mai bizar F-1 ba a ƙirga masa kwanakin zama wajen haraji a shekara biyar na farko, amma da ya koma bizar ma'aikaci ta H-1B sai a fara ƙirge, in ya cika ma'aunin kwana 183 ya zama mazauni a idon masu haraji, takardar da zai ba banki ta tashi daga W-8BEN ta baƙo ta koma W-9 ta mazauni. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, amma matsayi ya juya. In ka rikice ka tambayi ofishin albashi na wurin aikinku.

Wani abin kuma, kuɗin da ke shiga asusunka zai canza kama. Asusun da ya saba da ɗan tallafin karatu ya wayi gari da albashi, kwamfuta tana iya tsarguwa ta tsayar da shi. Shi ya sa na ce ka kai musu takardar aikin tun da wuri. Kuma don Allah, na san ka da tausayi, kada ka yarda wani ya ce bari a turo masa kuɗi ta asusunka tunda nasa ya sami matsala. In kuɗin ba su da tsabta sunanka ne a kai, kuma baƙo abin da zai rasa ya wuce asusu, har izinin zaman.

'Yan damfara ma sun san da wannan gaɓar. Suna turo saƙo wai bizarka ta ƙare, za a rufe asusunka yau in ba ka latsa nan ba. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka je reshe. Layin wayar da aka ɗaure da asusun kuma ka duba shi, domin a wasu ƙasashen shi ma da katin zama aka yi masa rajista, in ya mutu lambar shiga manhaja ba ta da inda za ta sauka. Imel ɗin makaranta da ka ba su shi ma za a rufe shi bayan ka gama, ka canza zuwa naka.

Ban so in tsorata ka da maganar barin aiki tun ba ka fara ba, amma ka riƙe wannan a gefe. Yanzu zamanka ya rataya a wuyan wanda ya ɗauke ka. A Daular Larabawa, in kamfani ya biya mutum haƙƙinsa na ƙarshe aka soke bizarsa, banki yana iya riƙe kuɗin in yana bin sa bashi. Don haka in sun fara yi maka tallar rance da katin bashi, kuma za su yi da zarar sun ga albashi, ka ja musu rai tukuna. In kuma wata rana tafiya ta kama ka bar ƙasar gaba ɗaya, wannan wani babi ne, domin wasu bankunan ba sa riƙe wanda ba mazauni ba, wasu kuma su mayar da asusun na baƙon waje. Sai mu yi maganarsa in lokacin ya zo.

Ka rubuto mini ranar da tsohon katin zai ƙare in riƙa tuna maka, don na san ka da mantuwa tun muna aji ɗaya. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce wa ƙaramin ina sane da alkawarina. Mutanen gidana suna gaishe ku.

Naka har kullum,
amininka.