Wasiƙa zuwa ga aminina: ƙwaron takarda da ya ƙi kwanciya

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san ka ƙullace ni kan shirun da na yi. To, laifin wani ƙwaro ne na takarda da ya cinye mini dare tara.

Ka tuna sadda muke ninka tsuntsun origami, wato fasahar ninka takarda, muna bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, da kibiyoyi da ɗige-ɗigen nan da gwanin origami Akira Yoshizawa ya assasa? Wannan karon babu hoto na ɗaya balle na biyu. Murabba'i guda kawai mai ƙirar ya bayar, cike da layuka, kamar an gama ninka ƙwaron aka warware shi, aka zana duk inda takarda ta yi kari. Jan layi tudu ne, wato karin da ke tasowa sama, shuɗi kuma kwari, wanda ke lotsawa ƙasa. Taswirar tana nuna maka inda takarda za ta kwana, amma hanyar zuwa can, kai da dabararka.

Na yanki takarda marar kauri, santimita 48 kowane gefe, na yi ta raba ta biyu-biyu har sau biyar, ta zama gida 32 a tsaye, 32 a kwance. Layi 62 ke nan, ƙananan gidaje 1,024, kowanne santimita ɗaya da rabi. Daga nan na bi layukan karkace da bayan farce. Wannan aikin babu daɗi ko kaɗan, sai ciwon wuya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin tattarawa. Na ɗauka zan kwantar da kusurwa ɗaya, in danne ta, in wuce ta gaba. Ina! Da ka matse nan sai can ya buɗe, domin kowane kari yana riƙe da maƙwabcinsa, ba ya rufuwa sai sun rufu tare. Dole ka bar takardar a tsaye, ta yi kwarmi kamar kwano, kana ɗan tura kowane layi ta fuskar da yake so, kaɗan-kaɗan. Yatsu goma suka yi mini kaɗan. Na kwaso maƙalan shanyar tufafi na kakkama gefuna, ina cusa na ciki da hantsaki. Da ka ga abin a lokacin, cewa za ka yi shara aka duƙunƙune.

A dare na shida komai ya fara haɗuwa ban da wuri ɗaya kusa da tushen ƙahon ƙwaron, wanda ya tsaya ƙiƙam kamar tanti. Na danna, na lallaba, har takardar ta soma yin gashi a mahaɗar, alamar ta kusa hujewa. Sai na tuna ƙa'idar masanin origami Jun Maekawa: duk mahaɗar da ke cikin takarda, in har za ta kwanta, sai bambancin yawan tudu da na kwari ya zama biyu daidai. Na ɗauki fensir na ƙirga. Layi shida ne suka haɗu a wurin, ni kuwa na yi tudu uku, kwari uku. Ko shekara zan yi ina dannawa ba zai kwanta ba. Huɗu da biyu ake so. Wani guntun layi ne, bai fi gida ɗaya ba, na karya shi ta bai-bai tun ranar farko.

Na juya shi da bakin hantsaki. Ban san yadda zan kwatanta maka ba, amma takardar ta yi ɗan ƙara, ƙas, sai ga layuka wajen ashirin sun bi juna sun rufe da kansu, ƙafafu shida suka zubo ta ƙasa a jere. Na daɗe zaune ina kallonta.

A nan ne ma na gane abin da masana origami irin su Robert Lang ke nufi da cewa kowace ƙafa tana da filinta a jikin takarda, kuma tsawonta ya danganta da faɗin filin. Wadda ta fito daga kusurwa siririya ce, mai sauƙin lanƙwasawa. Ƙahon kuwa daga tsakiya ya fito, shi ya sa ya yi kauri har yana gagarar yatsa.

Kada ka zaci an gama. Abin da taswira ke ba ka gangar jiki ce shimfiɗaɗɗiya, mai kama da tsintsiya. Sirantar da ƙafafu, lanƙwasa gwiwoyi da kumbura baya, duk babu su a zanen, su suka ci sauran dare ukun. Ƙafar hagu ta baya ta ɗan fi 'yar'uwarta gajarta, na bar ta haka. Ina gamawa na sake duba hoton dodon Ryujin da gwanin origami Satoshi Kamiya ya ƙirƙira, mai ɓawo-ɓawo tun daga wuya har wutsiya, duk daga murabba'i ɗaya ba yanka, na yi wa kaina dariya.

Na sa maka kwafin taswirar a cikin ambulan ɗin nan, na kewaye mahaɗar da ta wahalar da ni da fensir. Ka nemi takarda babba, marar kauri, kada ka fara da ta rubutu, za ta yage maka a ƙahon. In ka kai wurin tattarawa ka rubuto mini dare nawa ya ci maka, kuma ban da ragi.

Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka