Rahoton ayyukan shekara daga teburin sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rahoton ya makara, na sani, ni da ma'aji ne kaɗai muka haɗa shi.

Taron wata-wata mun yi shi kamar kullum, fuskokin nan dai da kuka sani su ne ke zuwa.

Bari in fara da abin daɗi, wato ranar awon gurɓatar iska da muka yi a gefen babbar hanya. Wallahi duk wanda bai zo ba ya yi asara. Tun kafin asuba muka jera na'urori a layi ɗaya, daga bakin kwalta zuwa mita 50, 100, 200, har 300, ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, sannan muka ajiye guda ɗaya a ɗaya ɓangaren titin don mu san asalin iskar unguwa kafin hayaƙin mota ya shige ta. Da sanyin safiya iska ta tsaya cak, iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, hayaƙin ya rasa hanyar tashi sai ya kwanta kamar bargo yana rarrafe zuwa cikin gidaje, har na'urar can nesa tana nuna shi. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗau zafi, sai ga lambobin nesa sun sauko, na bakin titi kaɗai suka rage a sama. Akwai lokacin da wata tirela ta tsaya tana tuƙa baƙin hayaƙi, yarinyar da ke riƙe da kwamfuta ta yi ihu tana nuna layin da ya harba sama a allo, minti ɗaya ko biyu kuma na'ura ta gaba ta amsa. Abin da muke ta karantawa ke nan, cewa a wani binciken da aka wallafa a 2002 an auna gefen titin 405 na Los Anjalas aka ga ƙananan ƙwayoyin hayaƙi sun koma daidai da na gari a wajen mita 300, ga shi mun ga irin wannan saukar da idonmu. Ɗaliban da suka zo har yau suna tambaya yaushe za a sake. Malama da ta kawo su, Allah ya saka da alheri.

Yanzu maganar taswirar bazuwar hayaƙi da aka yi alkawari bara, wadda wasu ke ta tambaya a guruf kamar ni na ɓoye ta a aljihu. Ba a gama ba, kuma ga dalili. Manhajar da muke amfani da ita, CALINE4, ba duba take yi ba, lissafi take yi. Tana ɗaukar titi a matsayin dogon layi mai fitar da hayaƙi, sai ka ba ta yawan motoci a awa, nawa ne manya nawa ne ƙanana, gudun iska da inda ta dosa, sannan ta faɗa maka yadda hayaƙin zai bazu. Ka ba ta shirme ta maido maka da shirme. To ƙirgen motocin nan wa zai yi? An raba jadawali, mutane suka sa suna da hannunsu, ranar aiki waya a kashe. Ƙirgen safe muna da shi, na yamma lokacin cunkoso, wanda shi ne mai muhimmanci, rabi da rabi ne. Ga kuma matsalar da duk irin wannan lissafi yake da ita, in iska ta yi ƙasa da mita 1 a daƙiƙa ko tana bin tsawon titi, amsar sai a hankali, kuma safiyar da ta fi damun mu haka take. Masu cewa mu koma AERMOD, wata manhajar lissafin bazuwar hayaƙi, na ji ku, amma ita bayanan yanayi take ci da yawa, wa zai zauna ya shirya mata?

Na'urorin awon PM2.5, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi a iska, kuma ba a daidaita su ba. Irin masu arahan nan in akwai laima a iska sukan ƙara lamba, dole sai an ajiye su kusa da babbar na'ura a gwada. Ba zan fitar da lamba in ce mun wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, matsakaicin maikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini, da na'urar da ban yarda da ita ba. Bututun awon NO2, gurɓatacciyar iskar da ke cikin hayaƙin mota, da aka ce za a rataya na sati huɗu su ma ba a saya ba.

Duk wannan kuɗi ne, kuma waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabinmu ba. Na gaji da bin mutane kamar mai bin bashi, wani ma in ya ga kirana sai ya ƙi ɗagawa, amma shi ne na farko wajen gyara mana lissafi a guruf. Dan Allah wanda ake bin sa ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa, kuma jadawalin ƙirgen yamma yana nan a buɗe, ina buƙatar mutum huɗu masu zuwa da gaske.