A daina ɗora wa mara lafiya laifin ciwonsa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wa'azin nan da ake kira bisharar wadata, mai cewa duk wanda bangaskiyarsa ta cika ba zai yi talauci ba, ciwo ma ba zai kwantar da shi ba. Ni Kirista ce, ma'aikaciyar jinya, kuma na gaskata Allah yana warkarwa.

Daga Amurka koyarwar ta bazu. Wani mai wa'azi, Oral Roberts, ne ya yayata maganar shuka iri: ka ba da kuɗi, Allah ya ninka maka. A 1987 har cewa ya yi Allah zai ɗauki ransa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba. Su Kenneth Hagin da Kenneth Copeland kuwa suka dage cewa abin da bakinka ya furta shi za ka samu.

Jiragen sama da wasu fastoci ke mallaka ba su ne suka fi ci mini rai ba. An taɓa kawo mana wata baiwar Allah mai ciwon suga wadda ta ajiye allurarta bayan an ɗora mata hannu, an ce mata shan magani alamar shakka ce. Kafin ta iso, ƙafar ta riga ta ruɓe. Ina cikin wanke gyambon ta riƙe hannuna tana tambayata wane zunubi ta yi. Ko sau ɗaya ba ta ga laifin mai wa'azin ba. Haka abin yake tafiya: in an warke, shaida ta zama tasa, in ba a warke ba, bangaskiyarka ce ta gaza.

To Manzo Bulus fa? Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Siman mai sihiri kuwa, da ya miƙa kuɗi don ya sayi kyautar Allah, tsawa ya sha wurin Bitrus. Taron Lausanne, babban taron shugabannin Kirista masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010, ma ya fito fili ya ce wannan koyarwa ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki.

Roƙona ga iyayenmu fastoci shi ne, duk ranar da za ku yi wa marasa lafiya addu'a, ku faɗa da bakinku daga kan bagadi cewa kowa ya ci gaba da shan maganinsa. Maganarku suke ji fiye da tamu.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya