Ku ba Steve Tikolo da wasan kurket fili a shafin wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Korafi gare ni kan shafinku na wasanni, kullum dai Barcelona ne Madrid ne Arsenal, wallahi kamar babu wani wasa a duniya sai ƙwallon ƙafa. A 2022 hukumar kurket (wasan da ake bugun ƙwallo da faffadar sanda) ta Najeriya ta ɗauko Steve Tikolo ɗan Kenya a matsayin koci, kuma har yau yawancin masu karatunku ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Wannan bawan Allah fa ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi a Nairobi a 1971, ya buga gasar cin kofin duniya har sau 5, daga 1996 zuwa 2011. A waccan ta 1996 Kenya ta doke West Indies, wato haɗakar ƙasashen yankin Karibiyan, a garin Pune na Indiya, ƙasar da ba a ɗauke ta a bakin komai ba ta kayar da waɗanda suka ɗau kofin sau biyu, kuma a gasar Tikolo ya zuba wa Sri Lanka maki 96 shi kaɗai. Sai 2003, yana kyaftin, suka lallasa Sri Lanka a Nairobi suka yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, Indiya ta tsayar da su. Ƙasar da ba ta cikin manyan da ke buga wasan kwana biyar, wato matakin ƙoli na kurket, ba a taɓa ganin ta kai nan ba, sai su.

To amma abin da ke ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Rigimar shugabanci da ta kuɗi ta cinye hukumar kurket ɗin Kenya, ba a reni yara masu tasowa ba, su Tikolo suka tsufa babu magada, har a 2014 ƙasar ta rasa matsayinta na buga wasannin kwana ɗaya na ƙasa da ƙasa. Shi ya ga hawan ya ga saukar da idonsa, daga baya ya koma horaswa, ya riƙe Kenya ya riƙe Uganda da Tanzaniya kafin ya zo mana. Mutum irin wannan ai hira ya kamata ku nema da shi ku fassara mana, ya faɗi inda Kenya ta yi kuskure don kar mu ma mu afka ramin.

Kuma mu ma ba a baya muke ba, yaranmu maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, takwarorinsu mata 'yan ƙasa da shekara 19 kuma a 2025 sun doke New Zealand a kofin duniya a Malesiya. Nawa ne daga cikin yaran Kano ko Sakkwato suka ji wannan labari da Hausa? Don Allah ko sau ɗaya a wata ne a ba kurket rabin shafi, a bayyana dokokinsa dalla-dalla yadda malaman wasanni na makarantun sakandarenmu za su iya ɗauka su fara da yara.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Zariya