Wasiƙa zuwa ga ɗana game da wayar da ke hannunsa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, abin da ya sa na zauna na rubuto maka doguwar wasiƙa shi ne saɓanin da ya shiga tsakaninka da ƙanwarka. Ta shaida mini cewa ka ɗauke mata wuta har mako biyu, don kawai shuɗiyar alamar nan ta WhatsApp ta nuna maka ta karanta saƙonka amma ba ta amsa ba. Ranar kuwa tana asibiti da ɗanta a kafaɗa, ta buɗe saƙon da hannu ɗaya, likita ya kira su, ta jefa wayar cikin jaka. Sai a 2014 aka ƙirƙiro wannan alama, kuma iyakar abin da take iya faɗa shi ne an buɗe saƙo. Halin da mai buɗewar yake ciki kuwa kai ne ka cike shi da zato, alhali ka san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wannan ƙaramin lamari ne idan aka kwatanta shi da wanda ya fi damuna. Abin da kake gani idan ka buɗe Facebook ko TikTok ko YouTube ba duniya ba ce yadda take, zaɓe aka yi maka. Wani tsarin lissafi ne da ake kira algoridim yake yin zaɓen, kuma sunan ya samo asali daga al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda na tabbata bai taɓa tunanin inda sunansa zai kai ba. A da Instagram yana jero hotuna bisa lokacin da aka sa su, amma tun 2016 ya koma fifita abin da yake hasashen zai riƙe ka. Tsarin yana ƙirga daƙiƙun da ka tsaya a kan bidiyo, da wanda ka maimaita, da wanda ya tunzura ka har ka yi sharhi. Dalilin a fili yake, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, daga tallace-tallace yake fitowa, saboda haka zamanka a gaban allon shi ne hajar da ake sayarwa.

Ni kaina na gani da idona. Lokacin da gwiwata ta matsa mini na kalli bidiyo biyu kacal a kan ciwon gaɓɓai, sai ga shi mako guda cur babu abin da wayar take nuna mini sai masu magani, kowane yana rantsuwa nasa ne na ƙarshe, har na fara jin kamar kowa a duniya ɗingishi yake yi. To ka auna abin da zai faru da saurayin da ya tsaya a kan bidiyon zagin wata ƙabila ko na raina mata. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna cewa masu binciken kamfanin da kansu sun lura canjin da aka yi a 2018, na fifita abin da ke jawo sharhi, ya ƙara wa kalaman fushi da rarrabuwar kai armashi. Don haka idan ka ji zuciyarka tana tafasa a kan mutanen da ba ka taɓa zama da su ba, ka tambayi kanka wanda ya kawo maka labarinsu da ribar da yake ci.

Game da sabon aikinka kuma, ka sani cewa irin wannan lissafi ya shiga ofisoshi. A 2018 an ruwaito cewa Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya watsar da wata manhajar tace masu neman aiki bayan an gano tana danne takardun mata, saboda yawancin takardun da ta koya daga gare su na maza ne. Kada ka ɗauki makin da na'ura ta ba ka a matsayin ƙimarka, kada kuma ka yi wa na ƙasa da kai hukunci da shi ba tare da ka saurare shi ba. Ka kuma daidaita da shugabanka tun da wuri a kan lokacin da za a iya nemanka, domin a Faransa sai da doka ta shigo a 2017 kafin ma'aikata su sami hurumin kashe saƙonnin aiki bayan an tashi.

Ɗan ƙanwar taka ya sami sauƙi, an sallame su. Ƙanwarka tana jin nauyin ta fara nemanka tunda kai ne babba, saboda haka ka kira ta ta ji muryarka, kada ka tura rubutu. Mahaifiyarka tana gaishe ka ƙwarai.

Mahaifinka.