Zuwa ga ɗana, kan maganar jarabawar lissafi

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, an gama da gero saura dawa, Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Kawunka ya dawo daga kasuwar Gujungu da wata magana da ta hana ni barci, wai ku 'yan SS3 kun fara haɗa kuɗi don a shigo muku da amsar lissafi ranar WAEC, kuma wai har da sunanka a takardar. Ban yarda ba tukuna, amma ban ƙaryata ba, don na san yadda kake ɓata rai tun kana firamare in an ce ka kawo bakwai sau takwas.

Na san kana cewa Baba ya cika tsanani. To ni da na yi koyarwa har na yi ritaya na ga yara da yawa da aka yi wa wannan gatan, ga kiredit a takarda amma a ba su kuɗin buhu uku su raba wa mutum huɗu sai gumi ya keto musu. Kuma in aka kama ku hukumar jarabawa riƙe sakamakon take yi ko ta soke shi, shekara ta tafi, awakin da muka sayar sun tafi, kai kuma sunan da za ka shigo da shi garin nan fa? Da wane ido zan kalli mutane a masallaci bayan abin da ya faru da Yayanka? Wallahi gara ka kawo min F9 ta guminka, in sake biya maka NECO, da ka kawo min A1 ta sata. Ko haka na tarbiyyantar da kai? Ba ka jin kunyar Innarka da take soya ƙuli-ƙuli don kuɗin littafinka?

Wannan aljabarar da kake gudu, ai ita muke yi a zaure duk ranar rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, da naira 800,000. Matar tana da tumuni, 100,000 ke nan, saura 700,000. Ka kira rabon 'ya mace x, na namiji 2x, maza biyu 4x, mata uku 3x, duka 7x, to x nawa ne? Shi kansa Al-Khawarizmi da ya rubuta wannan fanni a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso na aikinsa kan gado da wasiyya ne. Ilimin iyayenmu ne, ba wani dodo ba.

Su sin da cos da tan ɗin, na lissafin kusurwa, ma haka. Tsani mai mita 6 ka jingina shi da bango ya yi digiri 60 da ƙasa, cos 60 rabi ne, rabin 6 kuwa 3, don haka gindinsa na nesa da bango mita 3, shi ke nan. In ka ga inuwar kukar bayan gidanmu ta yi daidai da tsawonta, rana na kan digiri 45 ne, tan kuwa tsawon ne a raba da inuwar, shi ya sa tan 45 yake 1. Kullum ka fara zana hoton tambayar kafin ka taɓa kalkuleta, kuma ka rubuta kowane mataki, don masu duba takarda suna ba da maki kan hanyar da ka bi ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Ɗana ni na san kanka yana ja, tsoro ne kawai ya shige ka. In ka riga ka ba da kuɗin ka bar musu, ba zan tambaye ka nawa ba ne, ka dai zare sunanka. Bayan sallar asuba ka riƙa yin tambayoyin shekarun baya ko da biyar ne, wadda ta gagare ka ka kai wa malaminku, kar ka ji kunya.

Direban da ya saba zai kawo maka gari da ƙuli-ƙuli ran Juma'a. Ka ba shi amsar gadon nan a rubuce da hannunka, da duk matakan, ina jira. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.