Kafin a tashi jirgin shuka, a zo a ga kututturen gonarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka. Na saurari shirinku kan jiragen nan marasa matuƙi da ake cewa suna shuka daji daga sama, na ji mai gabatarwa yana ta ɗoki, har yana fatan a kawo mana su Nijar. Ni manomi ne, gonata tana kan hanyar Agiye, na haura sittin, kuma maganar itace ta shafi tukunyar gidana.

Ba na gaba da na'ura. Ɗana ya nuna mini a wayarsa yadda ake yi: a cuɗa iri da laka da ɗan taki, a mulmula ƙanana ƙanana, jirgin ya bi saman fili yana harbo su ƙasa. A Kanada ana yi a dazuzzukan da gobara ta cinye, a ƙasar Bama (Myanmar) kuma an gwada a bakin teku mai taɓo inda ƙafar mutum ke nutsewa. Can akwai laima, kuma babu garken awaki a gindin kowane tsiro.

A nan ruwa wata uku ne ko huɗu, sauran shekara rani. Tun 1975 muke bikin dashen itace duk ranar 3 ga Agusta. Wata shekara wasu masu aikin agaji suka kawo mana dashe cike da mota, aka jera mu, aka ɗauki hoto, suka tafi. Bayan girbi aka saki dabbobi, awaki suka gwaiguye rabi, gara da zafin bazara suka ƙarasa sauran. To, ɗan itacen da aka raina cikin leda, aka haƙa masa rami, aka ba shi ruwa, bai kai labari ba, ina ga ƙwayar da ta faɗo daga sama kan fako? Irin gawo ma ɓawonsa tauri gare shi, ba ya saurin tsira sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko ya bi ta tumbin dabba. Jirginmu na shuka gawo ƙafa huɗu gare shi, yana ajiye irin tare da takinsa, ga nono a kai.

Abin da ya ɗan sosa mini rai, shirin bai ambaci sassaben zamani, wato rainon tsiron kututture a gona, ba ko sau ɗaya, alhali a ƙasar Maradi aka haife shi. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa tsiron da muke sarewa kowace shekara kafin shuka daga kututture masu rai yake fitowa, saiwarsu tana can ƙasa tana shan ruwa. Da farin 1984 ya zo, shekarar da shugaban ƙasa Seyni Kunce ya tara babban taro a nan Maradi kan yaƙi da hamada, sai aka haɗa taimakon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Baba, Allah ya jiƙansa, bai so ba. A wurinsa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, itace kuwa masaukin tsuntsaye ne masu cin gero. Yunwa ce ta sa ya yarda.

Aikin ba shi da wuya. Ka tsuguna gindin kalgo ko sabara da ta fito da rassa ashirin, ka zaɓi uku ko biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da kaifin wuƙa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya saluɓe. Baɗi ka dawo ka rage. Cikin shekara uku ko huɗu sun fi ka tsawo. Gawon da Baba ya bari yana gunaguni, yau a inuwarsa muke shan fura. Yana kaɗe ganye da damina, rana ta sami gero, kuma zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta ko'ina cika. Matata ta daina tafiyar rabin yini neman itacen girki. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa a Maradi da Damagaram, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, mai ramukan shuka irin namu na tassa.

Iri bai taɓa zama matsalarmu ba. A da mutum yana tsoron barin itace a gonarsa don in ya girma sai a ce ba nasa ba ne, ya sare reshe a ci shi tara. Da aka sassauta, har a 2020 doka ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina, kowa ya zama mai gadin nasa. Itacen da jirgi ya shuka na wa ne? Wa zai kore akuya, wa zai tare mai gatari da dare?

In kuɗin jirgin yana nan, akwai inda zai yi amfani. A sa shi ya riƙa leƙa dajin Baban Rafi, a ga inda ake cinye shi da sara da sabbin gonaki. A fako kuma, in mutane sun haƙa ramukan rabin wata da ke tare ruwa, a gwada watsa iri a kai farkon damina. Sai dai a sanar da hakimai da jama'a tukuna, don a ƙauyukan bakin iyaka, da halin tsaron da ake ciki, ƙarar abu a sama ba ta sa kowa tunanin itace.

Roƙona biyu ne. In kun sake gayyato masu jiragen, ku tambaye su cikin iri dubu nawa ne ke tsaye bayan rani uku. Sannan ku turo wakilinku ƙauyen Ɗan Saga ko gonata cikin watan Afrilu, ya zo da wuƙarsa.

Na gode.

Mai sauraronku,
wani manomi daga Maradi